Barkonon Sama na Eufemia Armijo

Shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ne ya raba shagona da na Eufemia Armijo, kuma ban tuna ranar da na bar ta ta sha kofinta lafiya ba. Ni faci nake yi a bakin babban titin Las Tusas, ita kuwa ɗinki. Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa nake ce mata komadre, ita ma ta ce mini kompadre idan muna shiri. Idan ba ma shiri sai ta kira sunana duka, Telesfor Baca, kamar alƙali zai aika ni gidan yari.

Ainihin sana'arta rubuta suna da zare. Lokacin da ake haƙar tagulla a bayan dutse, duk leburan da ya shiga rami da sunansa a ƙirji, hannun Femia ne. Rigunan 'yan ƙwallon makaranta, ƙyallen baftisma, mayafin da ake rufa wa akwatin gawa, duk ita ce. Tana da wata ɗabi'a guda: ba ta sakin aiki sai ta sa masa kwanan wata a gefe, da ɗan siririn zare. Ta ce abin da ba shi da rana, bai faru ba.

Da aka rufe ramin tagulla, maza suka watse. Mijinta Cleofas ya rasu a shekarar da ta biyo. Ɗanta guda, Leroy, ya tafi Phoenix yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya yi aure can. Ni ma 'yata ta bi miji zuwa Denver, uwarta kuwa ta riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa. Muka zauna, tsofaffi biyu da bango a tsakani.

Sai gwamnatin jiha ta zo ta share fili a cikin hamada, tafiyar minti arba'in daga garinmu, aka ce nan za a riƙa harba masu kuɗi sama su leƙa duniya daga waje su dawo. Gari ya haukace. Mai otal ya sauya wa otal ɗinsa suna. Mai gidan mai ya kafa roka da gangunan da ya jera ya shafe da farin fenti. Har limamin cocinmu sai da ya yi wa'azi a kan taurari mako uku a jere.

Femia ta ci gaba da ɗinkinta, har ranar da wani injiniyan filin ya kawo mata jaket a sauya masa zik. Ta ga wani bajo mai zagaye a kafaɗarsa ta tambaya. Ya ce kowane tashin kumbo da bajonsa: ana sa taurari daidai yawan mutanen da ke ciki, a kewaye da sunayensu. Ta juya bajon ta duba bayansa, ta taɓe baki.

"Na'ura ce ta yi wannan," in ji ta. "Mutum ya sayar da gida don ya je sama, a manna masa aikin na'ura?"

Bayan mako biyu na fito da safe na ga sabon allo a saman ƙofarta. Jan barkono ne dogo, kansa na kallon sama, wuta na fita daga gindinsa. A ƙasa an rubuta Barkonon Sama.

Na ce, "Komadre, wannan roka ce, ko abin da ke samun mutum washegari in ya ci miyarki?"

"Telesfor Baca, koma wurin tayoyinka."

"Tambaya na yi. Don in na gaskiya ne, ni na riga kowa zuwa sama a garin nan, tun bikin Leroy."

Ta jefo mini ƙwarƙwaron zare. Barkonon nan ya zama tambarinta. Ta sa shi a kowane bajo, a ledar da za ta zuba wa mai saye, a katin da ta buga guda ɗari biyar, har a kan gilashin tsohuwar motar Cleofas da ba ta tuƙawa. Ta ce duk kamfanin da ya san kansa alama ɗaya gare shi, wadda ko jahili zai gane daga nesa. Na ce na gode da aka tuna da ni.

Daga nan sai jira. Aka ce baɗi za a fara tashi. Baɗi ta zo aka ce baɗi. Shekara goma sha huɗu muna jin baɗi. Otal ya rufe. Rokar gidan mai iska ta kayar da ita, awaki suka riƙa kwana a ciki. A layinmu ba wanda ya rage sai ni da ita da gidan waya da ke buɗewa rabin yini. Amma kullum ƙarfe takwas Femia za ta share ƙofar shago, ta juya ɗan allon nan zuwa "a buɗe", ta dafa kofi na mutum biyu ko baƙo zai shigo. Ta zauna tana yin bajo marasa suna, taurari shida-shida, tana jerawa a akwatin gilashi. Wajen ƙarfe goma, in ta tabbata ba mai zuwa, sai ta buga bango sau biyu. Ni ne baƙon.

Da Allah ya yi aka fara tashi da gaske, ta sa rigarta ta zuwa coci ta tsaya a ƙofa. Motoci uku baƙaƙe suka taho daga birni, gilashinsu baƙi ƙirin. Ta ɗaga hannu. Ko birki ba su taɓa ba. Ashe a birni ake kwantar da masu tafiyar, a can ake ciyar da su, bajon ma a kwali yake zuwa daga wata jiha. Duk tashin da aka yi sai ta sa rigar nan ta tsaya. Ni kuma in leƙo in ce, "Komadre, ɗaga ƙafa maimakon hannu, wataƙila su tsaya." Wani lokaci ta yi dariya. Wani lokaci ta shige ciki ba ta buga bango ba ranar.

A bazarar da ta cika saba'in da huɗu ta zame a matakalar bayan shago. Sa'a guda tana kwance a ƙasa kafin na lura takwas ta wuce allo bai juya ba. Ba ta karye ba, amma Leroy ya zo washegari da fuskar mutumin da ya riga ya yanke shawara a hanya. Ina zaune a kan kujerar baƙi, ba wanda ya kore ni, ni ma ban kori kaina ba.

"Mama, ɗaki yana can an gyara miki. Da banɗakinsa, babu matakala ko ɗaya."

"In yi me a can? In kalli matarka tana daɓa waya?"

"To nan me kike yi? Wa ya sayi bajo tun Kirsimeti?"

"Kompadre ya saya."

"Kyauta kika ba ni," na ce, "kuma na toshe ramin ɓera da shi."

Ba wanda ya yi dariya. Femia ta kalli akwatin gilashin. Sannan ta ce, "Ka ba ni zuwa ranar San Miguel. In barkonona ya je sama ya dawo, ko guda ɗaya, zan rubuta a allo cewa ya je, kuma ka daina yi mini maganar Phoenix har in mutu. In bai je ba, kawo motar kaya."

Leroy ya ce ya yarda. Ya san motocin nan ba sa tsayawa. Ranar San Miguel, wani biki na coci, ashirin da tara ga Satumba ce, saura wata huɗu.

A ƙarshen Agusta wani dogon tsoho ya turo motar haya da taya a sace har ƙofata. Sunansa Arne Halvorsen, likitan haƙori ne daga Minnesota da ya ajiye aiki. Ya fita yawon ganin hamada shi kaɗai ya taka ƙusa. Ina cire tayar ya ce mini, kamar mai jin kunya, yana cikin waɗanda za su tashi ranar sha biyu ga Satumba. Shekara goma sha bakwai ke nan da ya sayi kujerarsa. Da matarsa suka yi niyyar zuwa, ita ta tsaya a ƙasa ta ɗaga masa hannu, amma ba ta kai ba.

Na ajiye ƙarfen hannuna. Na ce, "Likita, tayar nan za ta ci sa'a biyu." Aikin minti goma ne. "Shiga nan maƙwabta ka sha kofi, akwai wata tsohuwa mai faɗa amma ba ta cizo, haƙoranta biyu suka rage, kai ma za ka tabbatar."

Da na leƙa bayan sa'a guda na same su kowa da kofi, ya riƙe bajo yana shafa bayansa da babban yatsa. Ya ce kowane matafiyi ana ba shi 'yar jaka kamar tafin hannu ya sa abin da yake so ya tafi da shi. A tasa babu komai sai zoben matarsa da hotonta. Akwai wuri.

Kwana tara Femia ta yi a kan bajon nan. Taurari shida da zaren azurfa, sunan Halvorsen a sama, sunan matarsa Inga a ƙasa da zare mai launin ƙasar bajon, yadda sai ka karkata shi a haske za ka gani. Barkono a tsakiya. A gefe kuma, kamar kullum, sha biyu ga Satumba. Likita ya ga kwanan watan. Ya ce a can filin an gaya musu ba a sa rana a bajo, don ranar tashi ba ta mutum ba ce, ta iska ce. Femia ta ce ita shekara hamsin tana sa rana a ƙyallen haihuwa da na mutuwa, waɗannan ma ai ba na mutum ba ne. Ya karɓa ya kai, aka auna jakarsa aka rufe aka buga mata hatimi.

Ran sha biyu iska ta tashi tun asuba, aka ɗaga. Aka ce sha tara, hadari ya haɗo, aka sake ɗagawa zuwa Litinin ashirin da bakwai. Har yanzu da sauran kwana biyu kafin San Miguel, bajo yana cikin jaka a kulle, ba abin da ya rage sai a zauna a yi shiru. Abin da ban taɓa iyawa ba ke nan.

Muna shan kofi na ce, "Komadre, ni abu ɗaya ke damuna. In mutanen can sama suka tare likita suka karanta bajonki, za su ce mutanen Las Tusas ko kalanda ba su da ita."

"Rufe baki."

"A'a, ba laifi ba ne. Sai a rubuta a allo: Barkonon Sama, mun je sama da kuskuren mako biyu. Leroy ma zai ce, Mama, wannan ran sha biyu ya ce, ran sha biyu kuwa kowa ya san ba abin da ya tashi sai hular kompadre."

Ta yi dariya, na rantse ta yi dariya. Ni na manta da maganar kafin in ƙarasa kofina. Ita ba ta manta ba. Ranar Litinin ashirin ga wata na ga motar likita a ƙofarta. Ta roƙe shi ya karɓo bajon ta gyara ranar. Ya tambaya a filin, suka ce ba damuwa, a buɗe jakar a cire, amma ya dawo da shi kafin Juma'a da za a sake aunawa a rufe.

Na shiga na same ta da bajon a ɗaure a zoben ɗinki, tana tsince zaren da tsinin allura. Na ce, "Haba komadre, wasa nake yi."

Ba ta ɗago ba. "Na sani. Amma gaskiya ka faɗa. Ba zan aika ƙarya sama da hannuna ba."

Ranar Talata da la'asar wayar shagonta ta yi ƙara. Likita ne. Masu duba yanayi sun hango guguwa za ta sauka ranar Asabar ta yi mako, don haka an jawo tashin baya zuwa Alhamis. An riga an kwashe su shidan an kai su masaukin cikin fili, ba shiga ba fita. Jakunkuna kuma an auna an rufe tun tsakar rana.

Laraba da sassafe na sa ta a motata muka kama hanyar filin. Ta sake tsince ranar a karo na biyu ta sa ashirin da uku, wurin har ya fara yin shara-shara. Ta riƙe bajon a cinya cikin farin hankici. Mai gadin ƙofar ɗan gidan Gallegos ne, ƙato mai gemu, wanda ita ta rubuta masa suna a rigar ƙwallo lokacin yana makaranta. Ya cire hula da ya gan ta, ya kira ta donya, yadda ake girmama dattijuwa a wurinmu.

"Donya Femia, wallahi da a hannuna yake."

"Ko nauyin wasiƙa bai kai ba, ɗana. Ɗaga ka ji."

Ya ɗaga ya ji. Ya shiga ɗakinsa ya buga waya, muna ganinsa ta taga yana magana yana shafa ƙeya. Ya fito ya ce in an buga hatimin ƙarshe ko gashin kai ba a ƙarawa, doka ce don lafiyar mutanen da ke ciki. Na fara yi masa surutu, na ce na san ubansa tun yana satar kankana. Femia ta taɓa mini hannu.

"Ƙyale shi, aikinsa yake yi. Mu tafi."

Alhamis muka hau tudun bayan maƙabarta, inda ake ganin filin. Mu biyu ne kawai da karen wani. Wajen ƙarfe tara wani farin layi ya miƙe tsaye a sama, siriri kamar zare ɗaya a shuɗin yadi, ya yi ta hawa har ido ya kasa binsa. Femia ta kalla har ya ɓace. Ta ce, "Inga ta tafi dai." Zoben da hoton take nufi.

Washegari likita ya zo, fuskarsa kamar ta yaron da ya ga teku. Ya zauna ya fara ba mu labarin baƙin duhun da ke can sama, sai ya ga bajon a kan tebur. Ya zaro wata takarda daga aljihu. Ashe kowane matafiyi ana ba shi takardar shaida ya rubuta abubuwan da suka tafi a jakarsa ya sa hannu. Ya rubuta zobe, ya rubuta hoto. Layi na uku ya bar shi fari.

"Malama Armijo," ya ce, "bajon nan ya taɓa shiga jakata, kuma a zuciyata bai fita ba. In na rubuta shi a nan, ba wanda zai tambaya."

Na yi tsalle na ce, "Rubuta, likita! Ga biro. Komadre, mako biyu ya yi a kulle a cikin fili, ai ya fi ni zuwa sama. Leroy ina zai sani? Yaron da ya yi shekara uku yana aji ɗaya?"

Ta kalli takardar. Na ga hannunta ya matso kusa da ita, ya tsaya.

"In na rubuta a allo cewa ya je," ta ce, "kullum da safe ni zan fara karantawa kafin kowa."

Ta ninke takardar ta mayar masa. Bajon ma ta ba shi, ta ce na Inga ne, ba a sayarwa.

Ranar San Miguel bayan an fito coci Leroy ya iso da motar kaya. Na ja shi bayan shagona na gaya masa komai, na ce bakina ne ya jawo, in akwai wanda za a ɗaure a kai Phoenix ni ne. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Kawu Tele, ko da ya je sama, sa'a guda fa Mama ta yi kwance a ƙasa ranar da ta faɗi." Sannan ya shiga ya ce mata in tana so a ƙara wata shida, ya yarda. Ta ce a'a. Ta ce ita ta sa ranar da bakinta.

Keken ɗinki da akwatin zare kawai ta ɗauka, sai hoton Cleofas. Ta ba ni makullin shago ta ce in riƙa buɗe taga kada asu ya ci kayan. Na shirya maganganu kusan goma da zan yi mata a bakin mota, na yi ta juya su a kaina tun a coci. Da ta zauna ta ɗaura bel sai na ce, "Allah ya kiyaye hanya, komadre." Ta dube ni kamar wani baƙo ne ya yi magana.

Ba ta taɓa cewa laifina ne ba, ko sau ɗaya. Na so ta ce.

Tana kira ranar Lahadi bayan cin abincin rana. Makon jiya ta ce ɗakin yana da kyau, sanyi kamar cikin firji, matar Leroy ba ta rage ta da komai ba. Ta ce jikoki suna ce mata sannu kaka, maƙwabta suna ce mata sannu, likitan can ma sannu. Kowa yana lallaɓa ta kamar ƙwai.

"Wata uku ba wanda ya zage ni, kompadre," ta ce. "Faɗi wani abu mana."

Na buɗe baki. Na kalli tayoyin da ke jingine, na kalli titi, ba kowa daga nan har gidan waya. Ina jin numfashinta a kunnena tana jira.

Na ce, "An yi ruwa ranar Laraba."

Ta ce, "To. Madalla."